Lalacewar takardu a cikin laminetin

Lalacewar takardu a cikin laminetin ita ce illar da ke samun takarda, hoto ko kati bayan an rufe shi a cikin leda ko roba da nufin kare shi. A Najeriya an fi ganin wannan matsala a jikin takardun shaidar karatu, takardun haihuwa, takardun filaye da hotunan iyali, waɗanda ake kaiwa shagunan kwamfuta a manna musu leda da zafi. A Amurka da Turai da Japan kuwa, ana kuma tattauna ta a kan katunan 'yan wasa waɗanda kamfanoni ke tantancewa, su ba su maki, sannan su kulle su a cikin ƙaramin akwatin roba.

Rufin leda yana kare takarda daga dattin hannu, yayyafi da yagewa. Amma ba ya hana ta tsufa, ba ya tare haske gaba ɗaya, kuma yana kulle danshi da asid ɗin da ke jikinta tun farko. Babban aibinsa shi ne ba a iya cire shi takardar ta koma yadda take. Wannan ya sa masana adana takardu suka daina amfani da shi, wasu hukumomi kuma ba sa karɓar takardar asali idan an yi mata laminetin.

Suna

Kalmar laminetin aro ce daga Turanci. Ta shigo Hausa a tsarin da kalmomi irin su mitin, fakin da firintin suka bi, inda sautin ƙarshe na kalmar Turancin ya faɗi. Akan kuma ji wasu na cewa lamineshan. Kamar yawancin irin waɗannan kalmomin aro, ba a sarrafa ta a matsayin aikatau, sai dai a haɗa ta da “yi”, a ce “an yi wa takardar laminetin”. Waɗanda ba su saba da kalmar ba kan ce “an sa mata leda”. Ita ma kalmar leda aro ce, daga kalmar Turanci mai ma'anar fata, amma a Hausa ma'anarta ta koma kan roba mai laushi da ake ƙunshi da shimfiɗa da ita.

Ana samun ruɗani a kan haruffan PVC. A bakin jama'a a Najeriya suna nufin katin zaɓe na dindindin. A wannan maƙala kuwa suna nufin wani nau'in roba.

Tarihi

Tun ƙarshen ƙarni na 19 ma'aikatan gidajen adana tarihi a Turai da Amurka suke neman hanyar ƙarfafa tsofaffin takardu. Da farko sukan manna musu siririn ƙyallen siliki da sitaci. A shekarun 1930 aka koma amfani da wata leda da ake kira selulos asitet, wadda ake narkar da ita a jikin takarda da zafi da matsi. Wanda ya fi shahara da wannan aiki shi ne William J. Barrow, ɗan Amurka da aka haifa a 1904 ya rasu a 1967, wanda ya yi aikinsa a birnin Richmond na jihar Bajiniya. Ya ƙera injin matsa takarda, ya ƙara da saka siririyar takarda a bayan ledar, daga baya kuma ya riƙa tsoma takardu a ruwan da ke kashe asid kafin a rufe su. Gidajen adana tarihi da dama sun rungumi tsarinsa, aka rufe takardu masu ɗimbin yawa da shi.

Bayan shekaru sai illar ta fara bayyana. Ledar takan yi rawaya, ta tsuke, ta lanƙwashe takardar, ta kuma riƙa fitar da asid mai warin tsami. Takardun da aka rufe ba tare da an kashe musu asid ba sun ci gaba da ruɓewa a ciki. Daga shekarun 1970 manyan ɗakunan karatu suka fara barin wannan hanya, suka koma saka takarda a tsakanin ledoji biyu na foliyesta, a liƙe gefunan ledar kaɗai ba tare da wani gam ya taɓa takardar ba. Idan ana bukatarta sai a yanka gefen a zaro ta. Ƙa'idar da ta kafu a fannin adana kayan tarihi tun daga lokacin ita ce, kada a yi wa abu gyaran da ba za a iya warware shi ba.

A daidai lokacin da ƙwararru ke barin laminetin, ƙananan injinansa masu araha suna shiga ofisoshi da makarantu da shaguna. A Najeriya sun yaɗu tare da injin fotokwafi da kwamfuta, har ya zama al'ada mutum ya karɓi satifiket ɗinsa ya wuce kai tsaye shagon laminetin.

Yadda ake yin laminetin

Ledar da ake amfani da ita a shaguna tana zuwa ne kamar aljihu, a liƙe ta gefe ɗaya. Hawa biyu gare ta: na waje mai ƙarfi da sheƙi, wanda galibi robar PET ce, da na ciki wanda gam ne busasshe da ake kira EVA. Ana auna kaurinta da maikiron, kuma waɗanda aka fi samu su ne 80, 100 da 125, sai 250 na katin shaida. Ana saka takardar a ciki, a tura ta cikin inji mai rola biyu masu zafi, yawanci tsakanin digiri 100 zuwa 150 a ma'aunin Selsiyas. Zafin yana narkar da gam ɗin, matsin rola kuma ya tura shi cikin zaren takardar. Idan ya huce, takarda da tawada da leda sun zama abu ɗaya.

Akwai kuma laminetin na sanyi, wanda ledarsa ke ɗauke da gam mai danƙo kamar na sitika. Ba ya ƙona takarda, amma shi ma ba ya ciruwa ba tare da ya ɗebi fuskar takardar ba.

Ire-iren lalacewa

Lalacewa a lokacin aiki. Idan injin ya yi zafi fiye da kima, leda takan yi kumfa ko ta yamutse, hoton da ke jikin takardar ya sauya launi. Idan bai yi zafi sosai ba, gam ba ya narkewa, sai a ga farin hazo a jikin takardar. Ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki kan bar takarda a maƙale a kan rola mai zafi. Wani lokaci kuma ledar kan naɗe rola, takardar ta fito a cukuikuye. Inda babu inji, wasu kan yi amfani da dutsen guga, wanda ba a iya daidaita zafinsa. Rubutun firinta da na fotokwafi, wanda hodar roba ce da aka manna da zafi, yana iya yin laushi ya bazu.

Takarda mai jin zafi. Rasit ɗin POS da na ATM da hoton sikanin na masu juna biyu ana buga su ne a kan takarda mai sinadarin da ke yin baƙi idan ya ji zafi, tun ƙasa da digiri 100. Idan aka tura irin wannan takarda cikin injin laminetin, gaba ɗayanta takan koma baƙa, kuma babu hanyar dawo da rubutun.

Danshi da fumfuna. Takarda tana shan danshi daga iska. Idan aka rufe ta tana da danshi, ruwan ba shi da hanyar fita. Haka nan idan aka datse ledar daf da bakin takardar, ko aka huda ta, ko kusurwa ta buɗe saboda yawan lanƙwasawa, ruwa kan shiga ta wannan kafa ya bi zaren takardar zuwa ciki. Shigarsa tana da sauƙi, bushewarsa kuwa tana da wuya. Daga nan sai tawadar biro da ta hatimi su narke, tabo mai ruwan ƙasa ya bayyana, fumfuna ta tsiro a ƙarƙashin ledar inda ba a iya goge ta.

Asid. Yawancin takardun da aka yi daga tsakiyar ƙarni na 19 zuwa ƙarshen ƙarni na 20 suna da asid, musamman masu araha irin ta jarida, waɗanda ke ɗauke da sinadarin itace da ake kira liginin. Yayin da takarda ke tsufa tana fitar da ƙarin asid. A fili wani ɓangarensa kan bi iska, amma a cikin rufi yana taruwa a jikinta ya hanzarta ruɓewarta. Alamarsa ita ce takardar ta yi rawaya, ta bushe, ta riƙa karyewa a wurin da aka taɓa ninke ta.

Haske. Leda mai shara-shara ba ta hana haske cin launi. Satifiket ko hoton da aka rataye a bango kusa da taga yakan koɗe ko da an yi masa laminetin. Tawadar biro, jan hatimi da hoton da aka buga da firinta mai ruwan tawada su ne kan fara tafiya.

Robar PVC. Wasu fayil-fayil na leda, jakunkunan satifiket da alabom na hotuna da robar PVC ake yin su. Ana zuba wa wannan roba wani mai domin ta yi laushi. Da zafi da daɗewa man yana tsatsowa, ya narkar da rubutun fotokwafi, har a ga haruffa sun bar takarda sun koma jikin leda. Idan robar ta tsufa tana kuma fitar da asid. Ana gane ta da ƙarfin warinta da danƙon da take yi.

Ɓoye alamomin tsaro. Takardun hukuma suna ɗauke da alamomin da ake tantance su da su: hatimi mai tudu da ake ji da yatsa, tambarin cikin takarda da ake gani idan an ɗaga ta ga haske, kaurin takardar, da sawun alƙalami a wurin sa hannu. Matsin rola yana daddaɗe hatimin, leda kuma tana hana taɓa takardar. Da zarar an rufe su, bambanta takardar asali da kwafi mai launi yana wahala.

Yanayin Zariya

Yanayin arewacin Najeriya yana ƙara tsananta waɗannan matsaloli. Zariya tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, kusan dukkansa daga Mayu zuwa Oktoba, kuma ya fi yawa a Agusta. A wannan lokaci danshin iska kan haura kashi 70 cikin 100, alhali fumfuna tana fara samun wurin zama a kan takarda tun daga wajen kashi 65. A hunturu kuma iska kan bushe har danshinta ya sauko ƙasa da kashi 20. A bazara, watannin Maris da Afrilu, zafi kan wuce digiri 35, ɗaki mai rufin kwano kuma ya fi haka.

Takarda tana kumbura a damina, ta tsuke a hunturu. Leda ba ta yin haka. Wannan ja-in-ja na shekara-shekara shi ke sa laminetin ya lanƙwashe, kusurwoyinsa su buɗe. Zafin bazara kuma yana sassauta gam, ya hanzarta aikin asid. Gidajen adana tarihi suna neman danshi tsakanin kashi 30 zuwa 50 da sanyi mai ɗorewa, yanayin da ba a samu a gidajen jama'a ba tare da na'ura ba.

Dalilan da ke sa mutane yin laminetin su ma daga yanayin suke. Yoyon rufi, ambaliya, gara, ɓeraye, kyankyasai da ƙurar hunturu suna cinye takardun da aka ajiye a ƙarƙashin katifa ko a cikin adaka. Mai takarda yana ganin leda a matsayin maganin duk waɗannan a kan kuɗi kaɗan.

A Tudun Wada

Tudun Wada unguwa ce da ta kafu a zamanin mulkin mallaka a wajen ganuwar birnin Zazzau, tsakanin Birni da Sabon Gari. Yankin ya daɗe da harkar takarda da ɗab'i: a nan kusa aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, wanda ya riƙa buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a 1939. A gefensa kuma akwai harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello, jami'ar da aka buɗe a 1962, da tsohuwar kwalejin horar da malamai ta tarayya wadda ita ma ta samo asali a 1962.

Yawan ɗalibai da ma'aikata ya sa shagunan fotokwafi, firintin da laminetin suka yawaita a bakin makarantu da manyan titunan yankin, kamar yadda suke a Samaru. Cinikinsu yana ƙaruwa a lokacin rajistar JAMB, lokacin tantance sababbin ɗalibai, lokacin tafiya bautar ƙasa, da lokacin ɗaukar sojoji ko 'yan sanda, domin a duk waɗannan ana neman takardun asali: satifiket ɗin firamare da na sakandare, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, da takardar shaidar ƙaramar hukuma. Takardar da ake yawo da ita daga layi zuwa layi tana saurin tsufa, don haka iyaye da yawa suke ganin yi mata laminetin wani nau'i ne na kula.

Takardun da ba a sake bayarwa

Girman asarar ya danganta da irin takardar. Wasu ana iya sake buga su daga intanet a kowane lokaci, kamar silif ɗin lambar NIN da na JAMB. Lalacewar irin waɗannan ba ta wuce kuɗin firintin ba.

Wasu kuwa sau ɗaya ake bayar da su. Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, ba ta sake buga satifiket ga wanda nasa ya ɓata ko ya lalace, sai dai ta ba shi takardar tabbatar da sakamako. A 2022 ta buɗe tsarin satifiket na intanet ga waɗanda suka rubuta jarrabawa daga 1999 zuwa sama. Hukumar NYSC, wadda aka kafa a 1973, ita ma wasiƙar tabbatarwa take bayarwa a madadin satifiket ɗin da ya salwanta, kuma takan gargaɗi masu shirin shiga sansani kada su yi wa takardar kiransu laminetin, domin ana rubutu da buga hatimi a jikinta. Neman irin waɗannan takardun madadi yakan haɗa da rantsuwa a kotu da rahoton 'yan sanda, ga kuɗi da zirga-zirga.

Mai neman karatu ko aiki a ƙasar waje yakan kai takardunsa Ma'aikatar Ilimi da Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja domin a buga musu hatimin tabbatarwa, kuma tawadar hatimi ba ta zama a kan leda. A Birtaniya ofishin fasfo ba ya karɓar takardun da aka yi wa laminetin. A Amurka hukumar da ke bayar da katin lambar walwalar jama'a tana hana yi masa laminetin, saboda yana ɓoye alamomin tsaron da ke jikinsa. Takardun filaye su ma suna da wannan matsala, domin akan bukaci a yi rubutu ko a buga hatimi a jikinsu idan an sayar da fili ko an bayar da shi jingina. A irin wannan hali ne ake cewa garin neman gira an rasa ido.

Katunan da aka tantance

Misalin da ya fi fito da iyakar rufin roba shi ne kasuwar katunan tarawa. Waɗannan ƙananan katuna ne masu hoton 'yan wasa ko taurarin zane irin na Pokémon, waɗanda mutane ke tarawa suna saye da sayarwa. Kamfanin PSA da aka kafa a Kalifoniya a 1991 shi ya yaɗa tsarin tantance su, daga baya SGC ya biyo a 1998, sai Beckett a 1999. Ana duba abubuwa huɗu: daidaituwar hoto a tsakiyar kati, kusurwoyi, gefuna da fuskar katin. Daga nan a ba shi maki daga 1 zuwa 10, a saka shi a akwatin roba mai tauri tare da lamba, a liƙe gefunan akwatin da na'ura.

Kuɗin da ke cikin harkar yana da yawa. A Agustan 2022 an sayar da katin ɗan wasan Amurka Mickey Mantle na 1952, wanda SGC ya ba wa maki 9.5, a kan dala miliyan 12.6. A shekarar kuma an sayar da wani katin Pelé na 1958 a kan sama da dala miliyan 1. Bambancin maki ɗaya yana iya ninka farashin kati sau da yawa, don haka ko ɗan ƙaramin tabo asara ne babba.

Duk da haka kati yana lalacewa a cikin akwatin. Idan gurbin ya fi katin faɗi, yakan riƙa motsi yana bugun bango har kusurwoyinsa su daku, musamman a hanyar aikawa. Haske yana ratsa robar ya koɗar da launi da sa hannun ɗan wasa. Liƙin gefen ba ya hana iska da ruwa shiga, don haka danshi yana lanƙwasa katin, musamman mai fuskar ƙyalli, wanda ɓangaren takardarsa ke kumbura ɓangaren ƙyallin bai motsa ba. Faɗuwa kan tsaga akwatin, tsagin ya karce katin. Makin da ke rubuce a jiki yana nuna halin katin ne a ranar da aka duba shi, ba halin da yake ciki yau ba. Kamfanonin suna sauya wa kati akwati idan tsohon ya karce ko ya tsage, amma wannan ba ya gyara katin da ya riga ya lalace.

Rufin yana kuma hana bincike. Kati na farko da PSA ya tantance shi ne na Honus Wagner, wanda wani kamfanin taba ya buga tsakanin 1909 da 1911, kuma Wayne Gretzky da Bruce McNall suka saya a kan dala 451,000 a 1991. An ba shi maki 8. A 2013 dillalin katuna Bill Mastro ya amsa a gaban kotu cewa ya datse gefunan katin tun kafin a tantance shi domin ya yi kyau. Shekaru fiye da 20 katin yana sauya hannu a cikin akwatinsa ana taƙaddama a kansa.

Akwai bambanci ɗaya mai muhimmanci tsakanin akwatin kati da laminetin. Akwatin ba ya manne wa katin, ana iya fasa shi a fito da katin yadda yake. Laminetin kuwa ya riga ya shiga jikin takardar.

Hanyar gargajiya

Malaman ƙasar Hausa sun daɗe da nasu tsarin adana littattafai. Rubutattun littattafan Larabci da na ajami ba a ɗinke su. Ana jera warƙoƙin a sake, a rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan shafi domin kada jerin ya rikice, a rufe su da tadarishi, sannan a saka a gafaka ta fata. Yawancin takardun ƙarni na 19 daga Italiya aka kawo su ta hamada, masu tambarin jinjirin wata uku. Tawada kuma ana haɗa ta da gawayi da ƙaro, wata kuma da bagaruwa da ƙarfe.

Wannan tsari yana da nasa rauni: bakin takardu kan cinye, warƙa kan ɓace, gara da ruwa kan shiga. Amma ana iya buɗe littafin a duba shi, a kaɗe shi, ya sha iska, a mayar. Littattafai da dama da suka haura shekara 150 sun iso wannan zamani a haka. Ana adana irinsu a Sashen Binciken Tarihin Arewa na Jami'ar Ahmadu Bello da aka fara a 1964, da Gidan Arewa a Kaduna da aka kafa a 1970, da gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato. Abin da ya fi cutar da waɗanda ke hannun iyalai a yau shi ne gyaran zamani: salatif da gam ɗinsa ke ratsa takarda ya bar tabo, fil da ke yin tsatsa, da laminetin. Tawada mai ƙarfe tana cin takarda a hankali, zafi da danshi kuma suna ƙara mata sauri.

Cire laminetin

Tsohuwar ledar selulos asitet tana narkewa a sinadarin asiton, don haka ƙwararru suna iya cire ta a ɗakin gwaji, duk da cewa aikin yana cin lokaci da kuɗi. Ledar shaguna ta yau ba ta narkewa cikin sauƙi haka. Idan aka ɓare ta, takardar kan rabe gida biyu, fuskar da ke da rubutu ta bi ledar. Dabarun da ake yaɗawa na ɗumama ta da dutsen guga ko na'urar busar da gashi suna iya sassauta gam, amma sukan tafi da tawada da hoto. Ga takardar da aka riga aka yi wa laminetin kuma ba ta nuna alamar lalacewa ba, barinta a haka ya fi yunƙurin cirewa aminci.

Hanyoyin adanawa

Shawarwarin da masana adana takardu ke bayarwa sun haɗa da:

- A yi sikanin takardar asali da launi, gaba da baya, a ajiye a imel ko wani wuri fiye da ɗaya.
- A yi wa kwafi laminetin domin yawo da shi, a bar ta asali ba tare da gam ba.
- A saka ta asali a aljihun leda mai buɗaɗɗen baki. Robar PP mai lamba 5, da PET mai lamba 1, da robobi masu lamba 2 da 4 ba sa cutar da takarda. PVC ita ce mai lamba 3, a guje ta.
- Kowace takarda da aljihunta. Kada a haɗa satifiket da yankin jarida, kada a bar fil ko kilif a jiki, kada a liƙe yagewa da salatif.
- A ajiye fayil ɗin a kwance, ba a ninke ba, nesa da ƙasa da bangon da ke jiƙewa da taga.
- Kada a saka takarda a leda tana da danshi. Idan ta jiƙe, a shimfiɗa ta a inuwa tsakanin fararen takardu, ana sauya su har ta bushe.
- Rasit ɗin POS da hoton sikanin a ɗauke su a waya ko a yi musu fotokwafi da wuri, domin suna gogewa ko ba a taɓa su ba.
- A duba takardu a ƙalla sau ɗaya a shekara, musamman da kaka bayan ɗaukewar ruwa.

Laminetin yana da amfani ga abin da ake yawan taɓawa kuma ana iya sake buga shi, kamar jadawalin darasi, sanarwa, jerin farashi da katin shaida na wucin gadi. Idan za a yi, a bar gefen leda kimanin milimita 3 a kewaye, a kuma fara gwada injin da takardar banza kafin a tura ta gaske.

Duba kuma

- Ajami
- Hukumar WAEC
- Jami'ar Ahmadu Bello
- Gidan Arewa
- Tudun Wada, Zariya